Masu Karanta Wasa Tun Kafin a Busa Usur

Duk jajibirin wasan Nasarawa United, in ka bi majalisun Bukan Sidi da teburan masu shayi na bakin titin Jos a garin Lafiya, hirar ƙwallo iri biyu za ka ji. Akwai ta masu zuciya, waɗanda amsarsu ɗaya ce ko da wa za a kara: gobe mu ne da nasara. Akwai kuma ta wasu 'yan tsiraru da ba sa ɗaga murya, waɗanda sai hayaniya ta lafa ake juyowa gare su a ce, "To Malam, kai ya ka gani?" Waɗannan na biyun nake so in yi magana a kansu. Abin da suke yi aikin ilimi ne, ko da yake ba mai biyansu ko sisi, kuma ba kasafai ake tsayawa a yaba musu ba.

Aikin nasu shi ne su ɗauki alƙaluman ƙungiyoyi biyu da za su haɗu, su auna, su faɗa maka yadda wasan zai iya kasancewa: ta ina haɗari zai ɓullo, wa ya kamata a sa wa ido, a wane lokaci ne za a fi shan wuya. Ba duba suke yi ba, ba su kuma ce sun san gaibu ba. Da wuya ka ji gwani a cikinsu ya yanke maka cewa biyu da nema za a tashi. Abin da zai ce maka ya fi wannan amfani: in aka kai hutun rabin lokaci ba a zura wa baƙin nan ƙwallo ba, to a shirya wa canjaras.

Kayan aikin ba su da yawa. Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, da biro kala biyu, da waya. An ja layuka da rula, kowace ƙungiya da shafinta. Wasan gida da shuɗi, wasan waje da ja. A gaban kowane sakamako akwai sunan wanda ya ci da mintin da ya ci, wani lokaci har da 'yar alama a gefe: wannan fenariti ce, wannan daga kwana ta zo, a nan an ba gola jan kati. Shafin kan yi baƙi-ƙirin da rubutu kafin kaka ta ƙare. Wanda bai san abin ba zai ɗauka lissafin bashin kanti ne.

A Ingila ba mai wahalar da kansa haka. Tun 1996 kamfanin Opta ke tattara alƙaluman gasar Firimiya, kuma yau ba wata ƙwallo da ɗan wasa zai miƙa wa ɗan'uwansa da ba a ƙirga ba. Mai sharhi a can yana zaune ake kawo masa komai a allon kwamfuta. Namu kuwa sai ya bi ya tsinto: wani daga labarin wasanni na rediyo, wani daga shafin ƙungiya a Facebook, wani daga saƙon WhatsApp na abokin da ya kalli wasa a Minna ko Ilori, wani kuma da idonsa ya gani a filin wasa na Lafiya. In majiya biyu suka saɓa a kan mintin da aka ci, sai ya nemi ta uku. Wannan haƙurin kaɗai ya isa a girmama shi.

Teburin gasar Firimiyar Najeriya shi ne inda kowa ke farawa, kuma a nan yawancinmu muke tsayawa. Ƙungiyoyi 20, kowace ta buga wasa 38, rabi a gida rabi a waje. Nasara maki 3, canjaras maki 1. Huɗun ƙarshe su faɗa ƙaramar gasa. Matashi zai leƙa waya ya ce, "Baba, ai su ne na uku, mu muna can tsakiya." Amsar da gwani kan bayar tambaya ce: "A ina suka tara makin?"

Mai sayen riɗi a kasuwa ba ya yarda da na bakin buhu, sai ya zura hannu can ƙasa ya ɗebo. Haka gwanin nan yake yi wa teburi: yakan raba shi biyu, na gida daban, na waje daban. Mu ɗauki misali. A ce baƙin sun buga wasa 18 suna da maki 29. A gida sun ci 8 sun yi canjaras 1, maki 25 ke nan. A waje kuwa ba su ci ko ɗaya ba cikin 9, canjaras 4 suka samo, sauran 5 duk an doke su, kuma ƙwallo 3 kacal suka zura a duk tafiye-tafiyen. To ƙungiyar da za ta sauka Lafiya gobe ba ta uku ba ce. Ta ukun tana can garinsu. Wadda za ta zo ƙungiya ce da ta saba tsugunawa a baya, ta cika gaban raga da mutane, ta ja lokaci, ta nemi maki ɗaya ta koma. Daga nan sharhin ya samu alƙibla: tambayar ba wa ya fi wani ba ce, tambayar ita ce ko masu masauki suna da abin da za su buɗe ƙofar da aka kulle. Sai ya juya shafinsu ya duba: ƙwallo nawa suka ci daga kwana da bugun tazara? Domin ranar da abokin hamayya ya ƙi fitowa, irin waɗannan ƙwallayen ne ke raba gardama.

Wannan rabon yana da muhimmanci a ko'ina a duniya, amma a gasarmu ya fi, domin kowa ya san yadda nasarar waje take da tsada a nan. Shi ya sa idon gwani kan fi tsayawa a layin jan biro. Kowace ƙungiya tana iya cin wasannin gidanta. Wadda ke ɗebo maki a waje ita ce ke neman kofi, wadda kuma ta fara ɓarar da maki a gida ita ce ke leƙa rami, ko da teburi bai nuna ba tukuna.

Sai kuma batun kwantan wasa. Ƙungiyoyin da ke wakiltar Najeriya a gasar Afirka sukan bar wasanni a baya, sai ka gan su a ƙasa alhali ba a nan matsayinsu yake ba. Gwani ba ya kallon jimillar maki, yakan raba ta da yawan wasannin da aka buga. Ƙungiya mai maki 24 a wasa 14 ta fi mai maki 27 a wasa 18 ƙarfi, duk da cewa teburi ya ɗora ta biyun a sama. Ɗan lissafi ne da yaron firamare zai iya, amma mutum nawa ke tunawa su yi shi? Haka kuma ba ya haɗa kakar da ba ta yi daidai da wata ba. Kakar 2023 an gajarta ta, aka raba ƙungiyoyi rukuni biyu, goma-goma, sannan shida suka haɗu a Legas inda Enyimba ta ɗauki kofi. A wannan kakar ce Nasarawa United ta faɗi, ta dawo a 2024. Wanda ya ɗauki alƙaluman wasa 18 ya jera su da na wasa 38 ya ruɗi kansa ya ruɗi masu sauraronsa.

Ko kalmar gida ma ba ya karɓarta haka nan. A gasarmu ana iya hana ƙungiya filinta saboda bai cika sharuɗɗa ba, ko a kore ta zuwa wani gari saboda rikicin 'yan kallo, ko a ce ta buga ba kowa a kan kujeru. Nasarawa United kanta ta taɓa karɓar baƙi a wajen Lafiya. Takarda za ta rubuta wasan gida, alhali 'yan wasan sun kwana a otal kamar baƙinsu. A littafin gwani irin wannan wasan yana da alamarsa daban. Yana kuma tambayar irin filin, domin wasu ciyawar roba ce wasu ta asali, kuma ƙwallo ba ta gudu iri ɗaya a kansu; ƙafar da ta saba da ɗaya takan ɗauki lokaci kafin ta gane ɗayar.

Ga kuma hanya. Yawancin ƙungiyoyinmu a mota suke tafiya. Wanda ya taso daga Jos ya biyo ta Akwanga, ko ya haura daga Makurɗi, bai yi wata tafiyar a-zo-a-gani ba. Amma wanda ya buga wasa ran Lahadi a Fatakwal ko Ikenne ko Maiduguri, aka ce Laraba yana Lafiya, to rabin hutunsa a kujerar bas ya yi shi. Gajiyar nan ba ta bayyana a minti ashirin na farko. Sai bayan an dawo daga hutu, musamman in ranar ta buɗe irin ta watan Maris, ƙafafu su yi nauyi. A nan ne mintocin da gwani ya yi ta rubutawa suke biyan wahalarsu. In ya ga cewa rabin ƙwallayen da aka zura wa baƙin a waje sun shiga ne bayan minti na 70, zai ce wa mutane kada su yi fushi in an je hutu babu ci, kuma zai ce koci ya ajiye mai gudu ɗaya a benci. Ni dai wannan ne ya fi burge ni a aikin: mutum ya ɗauki tarin lambobi marasa rai ya fito da shawarar da koci zai iya aiki da ita.

Ƙwallayen da ƙungiya ta ci ma yakan tambayi ƙafar wa suka fito. Lafiya ta san daɗin samun maciyin ƙwallo. Silas Nwankwo ya ci 19 a kakar 2021, Anas Yusuf kuma ya ci 18 a kakar 2024/2025, ya zama wanda ya fi kowa a gasar. Abin alfahari ne, amma ga mai nazari abin lura ne kuma. Ƙungiyar da mutum ɗaya ke ci mata kaso mai tsoka, ranar da ya ji rauni, ko katunan gargaɗi suka dakatar da shi, ko wata ƙungiyar waje ta saye shi, alƙalumanta na baya sun zama tarihi. Gasarmu kuwa ba ta riƙe gwanayenta da daɗewa. Don haka kafin gwani ya ce ƙungiya kaza tana cin ƙwallo, sai ya tabbatar masu cin suna nan kuma za su fito gobe.

Akwai abin da ba ya shiga kowane layi, kuma nagari a cikinsu ba sa ɓoye shi: ko an biya 'yan wasa albashi da alawus, ko an sauya koci a makon nan, ko akwai ɓaraka a sansani. Ɗan wasan da ke bin bashin wata uku ba ya sa ƙafa inda za ta karye. Gwani yakan saurari irin wannan labarin, amma ba ya barin jita-jita ta share masa abin da wasa goma sha takwas suka nuna. Yakan ba kowanne nauyinsa, kuma sanin wannan nauyin shi ne abin da ba a koya a rana ɗaya.

Lissafi yana iya ɓatar da mai shi, kuma tarihin ƙwallo yana da babban misali. A 1950 wani akanta a rundunar sojan saman Birtaniya, Charles Reep, ya fara rubuta duk abin da ke faruwa a fili da fensir da takarda, a wani wasan Swindon Town. Ya yi shekaru yana wannan aiki, kuma a 1968 shi da masanin lissafi Bernard Benjamin suka wallafa sakamakon. Abin da ya gano gaskiya ne: mafi yawan ƙwallaye suna shiga raga ne bayan an miƙa wa juna sau uku ko ƙasa da haka. Daga nan ya yanke cewa yawan tiƙa ƙwallo ɓata lokaci ne, a riƙa dokawa gaba kawai, kuma wannan ra'ayi ya yi tasiri a Ingila da Norway na tsawon shekaru. Masu nazari na baya suka nuna inda ya yi tuntuɓe. Ai kusan duk hare-haren da ake kaiwa a wasa gajeru ne, don haka dole yawancin ƙwallaye su fito daga cikinsu. Tambayar da ya kamata ya yi ita ce: cikin gajerun hare-hare ɗari nawa ke zama ci, cikin dogaye ɗari kuma nawa? Reep ya cancanci girmamawa, domin shi ya share hanyar. Amma gwanin da ke tambayar "cikin nawa?" duk lokacin da aka kawo masa lamba, ya tsallake ramin da wannan babban mutum ya faɗa.

Mu a nan muna da namu darasin, kuma mai daɗi ne. Daga 2003 har zuwa 2015 ba wanda ya doke Kano Pillars a gidanta a gasar Firimiya. Shekara 12, wasa 202. A cikin wannan tsawon lokaci 'yan Pillars, wato Sai Masu Gida, suka ɗauki kofi a 2008, suka sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. In akwai lambar da za a ce ta rufe bakin kowa, to ita ce wannan. A watan Agustan 2015 Nasarawa United ta je filin wasa na Sani Abacha ta ci 2-1. Mai gaggawa zai ce to ina amfanin alƙaluma? Ni akasin haka nake gani. Wasanni 202 ɗin nan 'yan wasa daban-daban ne suka buga su, ƙarƙashin koci daban-daban. Yawancin waɗanda suka fara tarihin sun daɗe da rataye takalma. Lambar da ta shafi wannan rana ita ce ta kakar da ake ciki, kuma a wannan kakar Nasarawa United ba kanwar lasa ba ce: ita ta ƙare ta uku, bayan Enyimba da Warri Wolves, ta samu gurbin gasar Afirka ta 2016. Gwani ba zai ce ya san za a ci Pillars ba. Zai ce tsohon tarihi yana tsorata zuciya ne, ba ya tare ƙwallo, kuma zai duba wasanni biyar ko shida na baya-bayan nan fiye da yadda zai duba na shekara goma.

Haka kuma ya san cewa wasan kofi ba wasan lig ba ne. Sau biyu Nasarawa United ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, sau biyu tana rasa shi a bugun fenariti: a 2016 a hannun FC Ifeanyi Ubah a Legas, a 2021 kuma a hannun Bayelsa United a Benin. Bayelsa United a lokacin ƙaramar gasa take bugawa. Teburi yana auna abin da ƙungiya za ta yi cikin wata tara. Minti 90 da bugu biyar-biyar kuwa wani ma'auni ne, kuma mai gaskiya yakan faɗi haka tun kafin a fara.

Wannan ilimi bai tsaya ga tamaula ba. Ƙwallon zari-ruga ba ta yi ƙarfi a Lafiya ba, amma Arewa ta san ta, ga ƙungiyar Barewa a Kano, kuma a ƙasashen da ta kafu irin su Faransa da Ingila da Afirka ta Kudu, sharhin jajibirin wasan ƙungiyoyi kusan duk a kan alƙaluma yake tafiya. Mutum 15 ne kowane ɓangare, minti 80. Dire ƙwallo a bayan layin abokan hamayya maki 5 ne, bugun da ke biyo baya maki 2, bugun hukunci maki 3. Saboda haka yawan laifin da ƙungiya ke yi a rabinta na fili lamba ce mai nauyi, domin kowane laifi yana iya zama maki 3 in abokan karawa suna da mai saiti. Katin gargaɗi ma minti 10 ne a waje. Mai nazari a can yakan duba sau nawa ƙungiya ke tsira da ƙwallonta a turereniya da kuma jifa daga gefe, yakan kuma lura da makin garaɓasa, wanda a gasa da yawa ake ba wanda aka doke da ƙaramar tazara, don haka mai shan kaye ba ya sakin jiki har ƙarshe. A gasar cin kofin duniya ta 2023, Afirka ta Kudu ta doke Faransa 29-28, ta doke Ingila 16-15, ta doke New Zealand 12-11 a wasan ƙarshe. Inda maki ɗaya ke raba zakara da na biyu, wanda ya san ƙirga laifuffuka ya riga kowa ganin wasan. Mutuminmu na Bukan Sidi, in aka koya masa dokokin mako guda, zai ja layukansa ya ci gaba da aiki, domin tambayoyin ba su sauya ba.

Dole in taɓo abin da ke damuna. Shagunan caca sun yawaita a garuruwanmu, wayoyin matasa kuma sun cika da manhajojinsu, kuma su ma da alƙaluma suke talla. Har ta kai wasu iyaye in sun ga yaro da takarda yana lissafin ƙwallo, gabansu sai ya faɗi, kuma ba su yi laifi ba. Amma abu biyu ne daban. Mai caca yana neman wanda zai ba shi tabbas ya sa kuɗi. Mai nazari kuwa abu na farko da littafinsa ya koya masa shi ne babu tabbas; ya ga ranar da wasa 202 suka rushe. Addininmu ya haramta caca, kuma lissafin kansa yana nuna cewa kamfani ne ke cin riba a ƙarshe. Bai kamata mu bar masu caca su ƙwace mana wannan ilimi har ya zama abin kunya ba.

Yaron da ya iya raba maki da yawan wasa, ya iya bambance abin da ya gani da abin da aka gaya masa, ya iya cewa "cikin nawa?", ya riƙe abin da zai yi masa amfani a kasuwa da ofis da gona. Manyan ƙungiyoyin Turai albashi suke biyan masu irin wannan aiki. Mu kuma namu suna zaune a benci a gaban mai shayi, littattafansu na tsufa a ƙarƙashin katifa, in kaka ta wuce ba mai sake tambayarsu.

Kirana ga hukumar gasar Firimiya da shugabannin Nasarawa United shi ne su riƙa fitar da cikakkun alƙaluman kowane wasa, da mintin ci da katuna da sauye-sauye, a inda kowa zai samu, a kuma adana su. Gidajen rediyon Lafiya su nemo irin waɗannan mutane su ba su ko da minti goma a shirin wasanni na jajibiri. Kai kuma matashi mai son ƙwallo, sayi littafi da biro kala biyu kafin wasan gida na gaba, ka zauna kusa da wanda ya riga ka farawa, ka roƙe shi ya nuna maka yadda ake jan layin.